Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Injin da Ya Kasa Numfashi

Makon jiya na tsaya a inda Kawu ya fara yarda in riƙe injin yanka itace ni kaɗai. Ga yadda aikina na farko ya kaya.

Tsakiyar hunturu ne, hazo ya lulluɓe Zariya. Wani dattijo a Ƙofar Gayan ya aiko cewa dogonyaron ƙofar gidansa ya kwanto kan katanga, a zo a rage shi. Kawu zai tafi wani aiki Giwa, sai ya ce, "Ɗauki ƙaramin injin ka je. Abin da ban nuna maka ba, kada ka taɓa."

Na haɗa mai yadda ya koya mini, fetur lita 5, man inji mili 100, wato 50 da 1. Irin wannan inji ba shi da tankin baƙin mai daban kamar mota, a cikin fetur fistin yake samun santsinsa. Na sa cok, na fizgi igiya, ya yi tari, na cire cok, ya tashi da ƙara har yaran unguwa suka kewaye ni. Na sauke reshe biyu, ina jin kaina wani babba. Ina kan na uku sai muryarsa ta shaƙe, ya ja, ya ja, ya mutu. Na ɗan jira, na sake tayarwa. Minti biyu bai cika ba ya sake mutuwa. Haka har sau biyar.

Dattijon yana kan tabarma da carbinsa, ya ce, "Yaro, ko dai mu jira kawun naka?"

Maganar nan ita ta kai ni ga ɓarna. Na kwance fulogi na goge, lafiyarsa ƙalau. Na kakkaɓe matatar iska. Da dabara ta ƙare, sai na ɗauki sukundireba na kama ƙusoshin kafireta guda biyu, masu alamar L da H, waɗanda ke daidaita yawan man da ke shiga injin, ina murɗawa ba tare da na ƙirga ba. Injin da a dā yake yin minti biyu, yanzu ko sulo ya ƙi tsayawa.

Na ɗora shi kan acaɓa sai Sabon Gari, wurin wani tsohon bakanike mai gyaran janareta da injin ban ruwa. Bai ko kalli injin ba, ni ya kalla.

"Nan take yake mutuwa, ko sai ya ɗan yi aiki?"

"Sai ya ɗan yi aiki, Baba."

Ya ce lokacin mutuwar shi ke faɗin ciwon. Wanda ya mutu daga tashi, a duba cok, ko matatar mai da ke bakin tiyo a cikin tanki, ko fatar kafireta ta bushe. Wanda ya yi zafi ya ɗauke wuta, ba ya tashi sai ya huce, kwil ne, wato abin da ke ba fulogi wuta. Wanda ke nishi ba ƙarfi, hayaƙi ya toshe salansa. Sannan ya rufe ƙusoshin nan a hankali, ya mayar da kowacce baya zagaye ɗaya, ya tayar. Muka tsaya muna jira. Da ya mutu, Baba ya kara kunne ya sassauta murfin tanki. Ni ma na ji: fsss.

"Ka taɓa huda gwangwanin madara wuri ɗaya?" in ji shi. "Tana zuba?"

Ashe tankin yana da wata 'yar ƙaramar kafa da iska ke shiga ta cike gurbin man da aka sha. Garin katako da maiƙo da ƙurar hunturu sun liƙe ta, mai ya daina sauka. Abu kamar ƙwayar gero! Ya wanke ta da fetur, ya hura, shi ke nan. Ƙusar H kuwa, ya ce na matse ta har mai ya yi wa injin kaɗan, da na ci gaba a haka da fistin ya kama.

Kafin magariba dogonyaro ya zama tarin itace. Na yi niyyar in yi gum da bakina. Washegari da safe Kawu ya fizgi igiya, ya saurara kaɗan, ya kashe injin, ya juyo.

"Wa ya taɓa mini kafireta?"

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.