Godiya bayan jinyar Duna

Alhamdulillahi, karenmu Duna ya ci tuwo yau da safe, har ya yi wa mai shara haushi kamar yadda ya saba. Kwana 5 ke nan rabona da barcin kirki, ku yi mini uzuri in ban amsa saƙon kowa ba.

Abin da ba ya fita raina shi ne daren farko. Na tarar da shi kwance a bakin rijiya yana amai da jini, ga fakitin ibuprofen na ciwon gwiwar Hajiya a tattaune. Har na ɗebo manja da madara zan ɗura masa, likitan dabbobi ya dakatar da ni a waya, ya ce in zo da karen da ragowar fakitin kawai. A can ya ƙirga ƙwayoyin da suka ɓace, ya auna nauyinsa, ya sa masa ƙarin ruwa. Ya ce wannan magani yana cin cikin kare ya kuma taɓa masa ƙoda, diclofenac ma haka, paracetamol kuwa hanta yake bugawa. Ni da nake ɓalla masa rabin ƙwaya in ya yi laushi! Likita, Allah Ya ƙara basira, Ya albarkaci zuriyarka.

Masu Keke uku suka ƙi tsayawa da suka ga kare nake rungume da shi. Maƙwabcinmu Baban Yara, na san ba ka son a ambace ka, amma sai na faɗa. Ka shimfiɗa buhu a Kekenka, ka kai mu daga Pantami, ka zauna har asuba, ka ƙi karɓar ko sisi. Allah Ya shayar da kai daga Alkausara, kamar yadda Ya gafarta wa mutumin nan da ya shayar da kare mai ƙishirwa. Ya buɗa maka kasuwa, Ya raya maka yara.

Waɗanda suka ce "a kan kare?" na ji, ba komai. Shekara 6 yana gadin gidan da kuke sauka in kun shigo Gombe.

Hajiya kuwa ta daina kuka. Jiya da kanta ta sa aka kira kafinta ya sa wa kabad ɗin magani kwaɗo, mabuɗin yana ɗaure a bakin zaninta.