Godiya daga Agege: maijego ta dawo gida

Assalamu alaikum 'yan uwa da abokan arziki. Jiya muka yanka rago a gidanmu da ke Zango, Agege, aka raɗa wa yarinya suna, uwarta na zaune tana amsa barka. Alhamdulillahi. Wanda ya gan ni daren haihuwar a bakin ɗakin asibiti, takalmi wari ɗaya, ya san ban zaci za mu ga wannan rana ba.

Haihuwar ta zo da sauƙi. Har na kira Inna a Katsina na yi mata albishir, sai nas ta fito da gudu tana kiran likita. Jini ne ya ɓalle. Da aka bar ni na leƙa, na hangi wata leda shimfiɗe a ƙarƙashinta, mai aljihu kamar mazurari, da layukan awo a jiki. Ungozoma na murza mata ciki, wata na ɗura allura, wata na rataya ruwa, duk a lokaci guda. Daga nan sai sashen kulawa ta musamman, kwana biyu, da ledar jini uku.

Jinin nan naku ne. Samarin majalisarmu da abokan sana'ata na kasuwar Mile 12, kun ratso dare kun miƙa hannu, wasunku ko tambayar wace ce ba ku yi ba. Liman da jama'ar masallacin unguwa, mun ga amfanin addu'a. Yaya, da kika kwana biyu kan benci, Allah ya biya ki.

Amma akwai waɗanda ban taɓa gani ba, kuma saboda su na zauna rubutun nan. A rana ta uku na tare likitar, Bayarabiya ce da ta tsinci Hausa a wajen bautar ƙasa, na tambaye ta ledar nan da allurar. Ashe ita ma tana taɓa bincike kan taimakon gaggawa, don haka ta ja kujera ta yi mini bayani.

Allurar sunanta tranexamic acid. Wasu mata da miji 'yan Japan, Utako da Shosuke Okamoto, suka gano ta tun 1962, amma aka yi shekara hamsin da ɗoriya ba a tabbatar da amfaninta ga masu haihuwa ba. Sai a 2017 sakamakon wani babban gwaji ya fito, wanda masana daga Landan suka jagoranta tare da likitocin ƙasashe 21, har da na Jami'ar Ibadan. Mata sama da 20,000 aka gwada. Aka ga idan an yi allurar cikin awa uku da haihuwa, mutuwa ta dalilin zubar jini tana raguwa da kusan kashi ɗaya cikin uku. A shekarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta sabunta shawararta, ta ƙarfafa a riƙa yin allurar da wuri.

Ledar kuwa, nan ne na ji tsigar jikina ta tashi, domin da hannun 'yar gida a ciki: Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero, Kano. Ita ta jagoranci ɓangaren Najeriya na binciken E-MOTIVE, tare da Jami'ar Birmingham da abokan aiki a Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu. Asibitoci 80, mata fiye da 200,000, sakamako ya fito a 2023. Da can da ido ake kintatar jinin da ya zuba, ido kuwa yana raina shi, kafin a farga an makara. Yanzu da awon ledar ya kai rabin lita sai a haɗa duk matakan tsayar da jinin lokaci ɗaya, ba a jira wannan ya gaza kafin a gwada wancan. Mummunar zubar jini da abin da take jawowa suka ragu da kashi 60 cikin 100.

Ni ɗan tireda ne, tumatir da tattasai na sani. Amma na iya lissafi: matan nan da aka yi gwajin a kansu suna tsakiyar ciwo, su ne suka share wa matata hanya. Allah ya saka musu, ya jiƙan waɗanda ba su tashi ba.

Duk wanda ke da hanyar isa ga Farfesa a Kano, don Allah ya gaya mata wani magidanci a Legas yana gaisuwa. Likita da ungozomomi, naman sunanku na nan tafe gobe da safe, in gosulo ya bar ni.