Jan biro a jikin gorar mai

Da asuba aka saki ruwa. Ban ma tashi daga kan sallaya ba na ji ana ƙwala "famfo! famfo!" daga ƙasa, na suri bokiti biyu na sauka a guje. Mutum tara kacal na tarar a layi. A bulok ɗinmu wannan ai sai a yi sadaka. Na cika har da na wanki, ga wuta ta kai ƙarfe tara ba a ɗauke ba, kowa ta cika waya da fitila. Anti Balki har da 'yar rawarta a tsakar ɗaki, tana cewa yau wani babba zai kawo ziyara ke nan.

Lakcar safe malam bai zo ba. Na sha biyu ya zo, ya kuma ba da gwaji ba sanarwa. A bar wannan zancen.

Abin da ya hana ni barci gorar man gyaɗa ce.

Kun san Umma ta aiko da kaya sati biyu da suka wuce: shinkafa, wake, yaji, kuka, daddawa, da mai cike da gorar roba. To sai na ga kamar man yana sauka fiye da yadda nake girki. Ɗakinmu a takarda na mutum huɗu ne, amma mu bakwai ke kwana, loka kuwa babu mai kwaɗo tun da makullin nawa ya ɓata. Ranar Talata, ba kowa a ɗaki, na ɗauki jan biro na ja ɗan layi daidai inda man ya tsaya, na juya gorar zanen ya kalli bango. Wallahi ko a lokacin ban san wa nake son kamawa ba. Ko kuma na sani, ban dai so in faɗa wa kaina ba ne, tunda mutum ɗaya ce ke buɗe lokar nan ba tare da ta tambaye ni ba, kuma ni na ce ta riƙa buɗewa.

Da azahar na dawo yunwa kamar ta kayar da ni. Tun daga baranda na ji ƙamshin garau-garau. Jummai ta dafa, ta yanka albasa da tumatir, ta rufe min nawa da faranti. A gefen tukunyar sai ga ɗan ƙullin mai a leda, irin wanda ake sayarwa a shagon bakin get, an huda gefensa an tsiyayi rabi. Na buɗe loka. Gorata tana nan, an juyo da ita, jan layin yana kallona, man yana daidai kansa ko ɗigo bai ragu ba.

Na ce, "Jummai, wannan man fa?"

"Sayowa na yi, Yaya."

"Ba ga mai nan a loka ba?"

"Na gani. Kar ya ƙare miki ne kafin Umma ta sake aike."

Ko ɗago kai ba ta yi ba, tana ta tsince tsakuwa a waken gobe. Da ma faɗa ta yi min. Da ta ce "Yaya, ɓarauniya kika mayar da ni?" da na samu bakin rantsuwa, mu yi ta ta ƙare. Amma ta ce kar ya ƙare min. Na zauna na ci abincin nan, kowace loma sai na kora da ruwa, ita kuma ta ce ta riga ta ci, ban kuma yarda ba.

Yarinyar nan gadona muke kwana, kai da ƙafa, tun ranar da aka buɗe shafin neman gado ya cika kafin intanet ɗin wayarta ya gama juyawa. Ni na je na ɗauko akwatinta daga masallacin mata, ni na ce wa Yaya Sadiya ta kwantar da hankalinta, ƙanwar ƙawarta ƙanwata ce. Naira 20,000 ɗin da take karɓa duk wata na rancen ɗalibai na gwamnati, wato NELFUND, na san inda rabi ke tafiya, gida take turawa. Kuɗin ƙullin man nan ba na shakka na fotokwafin handawut ne.

Bayan magariba Kawu ya kira, kamar an aiko shi. Tambayarsa ta kullum: "Me kuka ci yau, 'yan jami'a?" Na ce garau-garau. Ya yi dariyar nan tasa, ya ɗauko labarin da na ji ya fi sau ashirin. Su a jami'ar ABU da ke Samaru ba wanda ya san risho balle tukunya. Tikiti za ka miƙa a kafteriya a zuba maka, safe da rana da dare, ranar Lahadi har da kaza. Na ce Kawu ai ku kun ci ƙasar nan kun siɗe kwano. Ya ce in yi a hankali, su ma ba a banza suka ci ba. A 1978, zamanin mulkin soja na Obasanjo, aka ƙara kwabo 50 a kuɗin abincin yini, daga Naira 1.50 zuwa Naira 2, ɗalibai suka fito ƙwansu da kwarkwatarsu suna "Ali Must Go", wato Kanar Ahmadu Ali da ke riƙe da ma'aikatar ilimi ta tarayya. Aka harbi ɗalibai a Legas da Zariya, aka rufe jami'o'i, aka haramta ƙungiyar ɗalibai ta ƙasa. A nan kullum muryarsa ke sauka, sai ya canza zance ya tambayi karatu.

Da can dariya labarin kazar ke ba ni. Yau ina riƙe da waya ina kallon lokata. Su a kan abinci da gwamnati suka yi rigima, ni kuma da Jummai, a kan abin da bai fi cokali uku ba. Kafteriyar tamu tana nan, amma masu sayar da abinci ne a ciki kowa da teburinta, kuma tun da aka cire tallafin fetur a 2023 sai ƙarshen wata ya yi kyau nake leƙawa. Kowa ta koma kwanarta da 'yar tukunyar gas ɗinta, kowa tana ƙirga abin da ke lokarta. Ba wai ina wanke kaina ba ne. Ai Anti Balki ma a ɗakin take, ban taɓa ganin ta ja wa manjanta layi ba.

Ita ce ma ta ƙarasa ni. Muna shirin kwanciya ta ce, "Af, na manta ban faɗa miki ba, ranar Lahadi na ɗibi manki na soya awara, nawa ya ƙare. In Baban Ilham ya zo zan mayar miki." Haka kawai, tana shafa mai a ƙafa. Jummai tana kwance ta ba mu baya. Ban sani ba ko ta ji.

Na fita baranda da gorar, na goga zanen da yawu bai fita ba, na sa turare ya baje ya zama jan tabo kamar faɗin babban yatsa. Yanzu ma ya fi fitowa.

Ta yi barci can ƙarshen katifa, manne da bango, ta bar min fili kamar mutum biyu za su kwanta. An ɗauke wuta. Gas ma na jijjiga ɗazu, da wuya ya kai Juma'a.