Kafin ka ce wa bakanike "giyabos ne"

Motar da ta koya mini hankali Nissan 350Z ce ƙirar 2005, mai ƙofa biyu da kujera biyu, wadda na shigo da ita ta Kwatano kafin a hana shigo da motoci ta kan iyakokin ƙasa a farkon 2017. Injinta V6 ne mai lita 3.5, giya shida na hannu, kuma da tayoyin baya take ja. Mahaifiyata da ta gan ta cewa ta yi, "To ni a ina zan zauna in matarka ta shiga?" Har yau ban ba ta amsa ba. Na san samari da yawa suna mafarkin irin wannan mota, kuma ba zan hana kowa ba, kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Abin da nake so in raba ku da shi shi ne wautar da na tafka ranar da ta fara kuka.

Wata safiya na tayar da ita na bar ta tana sulo a ƙofar gida, giya a firi, sai na ji wani kacau-kacau daga ƙarƙashinta kamar an zuba tsakuwa a gwangwanin madara ana girgizawa. Na shiga na taka kuloci, ƙarar ta ɗauke ɗif. Na saki, ta dawo. Nan take na yanke hukunci a raina, na tafi gareji, kafin ma mu gama gaisawa da bakaniken na ce masa, "Oga, giyabos ɗina ya fara tafiya." Shi kuwa ya leƙa, ya saurara na ɗan lokaci, ya ce, "Gaskiya ne, Alhaji, shi ne."

Kuskurena na farko ke nan, kuma shi ya haifi sauran. Idan ka je wurin mai gyara da sunan cuta a bakinka, maganin wannan cutar zai sayar maka. Ba lalle mugunta ba ce. Ka zo da mota mai ɗaukar ido, ka yi magana kamar wanda ya sani, wane ne zai tsaya musu da kai? Abin da ya kamata in kai masa bayani ne: ga lokacin da take yi, ga lokacin da take dainawa, ga irin sautin. Ƙarfe yana ɗaukar sauti ya kai shi inda ba nan aka haife shi ba. A wannan mota sandar giya a kan giyabos ɗin take zaune kai tsaye, kusa da cinyarka, saboda haka kukan kuloci da na farfela (sandar da ke kai juyi daga giyabos zuwa baya) da na bak-aksul (inda ake raba juyin ga tayoyin baya) duk ta nan suke fitowa, kowanne ka rantse daga giyabos yake.

Shawarar da muka yanke ita ce a juye man giya a zuba mai kauri, irin wanda ake zuba wa bak-aksul, wai zai rufe bakin ƙarar. Ya ɗan rufe kuwa, na yi mako biyu ina yabon kaina. Sai hunturu ya shigo. Da asuba in na fito, giya ta biyu ta ƙi shiga sai na danna da ƙarfi, wani lokaci da ƙarar gurrr mai tayar da tsikar jiki. Maimakon in tsaya, sai na ƙara ƙarfin hannu.

Bari in tsaya a nan, domin da na san wannan da kuɗina suna aljihuna. A cikin giyabos na hannu akwai wasu zobba, galibi na tagulla, da ake kira sinkiro. Aikinsu su kama giyar da kake shirin shiga su daidaita gudunta da na sandar da za ta hau kafin haƙora su haɗu. Da gogayya suke aiki, wato suna buƙatar su ɗan ciji ƙarfe. Man da kamfani ya rubuta wa wannan giyabos shi ne GL-4, mai kaurin 75W-85, kuma bai cika lita uku ba. Man bak-aksul GL-5 ne, an cika shi da sinadaran sulfa da fosforas don haƙoran da ke murza juna da matsi mai tsanani. In ka zuba mai kauri irin wannan a inda ba a nema ba, zoben yakan kasa ture man ya kama ƙarfe, musamman da sanyin safiya, kuma wasu nau'o'insa ba sa shiri da tagulla. Duk dannawar da na riƙa yi da ƙarfi, zoben giya ta biyu nake ci. Na je da ƙarar da ba ta hana ni komai ba, na dawo da ciwo na gaske. Garin neman gira na rasa ido.

Daga nan sai zuciya ta ɗebe ni. Na ce a nemo mini wani giyabos ɗan Beljiyam. Aka samo a Legas, aka turo mini hoto a WhatsApp, na tura kuɗi, aka ɗoro shi a mota. Ban sa an juya sandarsa da hannu an saurara ba, ban sa an shiga kowace giya an gani ba, ban ma tambayi lambar da ke jikinsa ba. Daga baya na san cewa giyabos ɗin wannan mota iri-iri ne, masu ita sun fi neman wanda ake kira CD009, kuma irinsa ne a Infiniti G35 mai giyar hannu. Allah ya rufa mini asiri wanda ya zo lafiyayye ne, amma sa'a ce kawai. Aka sauke salansa, aka cire farfela, aka sauke tsohon aka ɗora sabon. Bakaniken ya ce ko za a duba kuloci tunda an buɗe, na ce a bar shi, kuɗi sun ƙare. Aikin kwana biyu. Da yamma aka tayar da mota, muna tsaye mu huɗu a bakin rami. Kacau-kacau-kacau. Babu wanda ya kalli wani.

Wani abokina ne ya kai ni wurin wani dattijo a wajen Panteka, a nan Kaduna, wanda ya yi shekaru yana buɗe giyabos tun zamanin Fijo 504. Na fara zuba masa labari, ya ɗaga hannu. "Ɗana, bari motar ta yi magana tukuna." Ya sa ni na zauna a kujerar direba, shi ya tsuguna a gefe da doguwar sukudireba, bakinta a jikin ƙarfe, ƙotarta a kunnensa. Taka kuloci. Saki. Kunna na'urar sanyi. Ƙara totur kaɗan. Kashe ta. Da na kashe, motar ta yi wani gwaf-gwaf sau biyu kafin ta yi shiru. Ya ce in sake tayarwa, in taka kuloci sannan in kashe. Wannan karon tsit. Ya miƙe yana kakkaɓe gwiwa ya ce, "An bar jaki ana dukan taiki."

Na ce, "Baba, me ka ji?"

Ya ce filawil ne, wato faifan ƙarfen da ke bayan inji wanda kuloci ke kamawa. Na wannan mota ba dunƙulallen ƙarfe ɗaya ba ne irin na motocin da, faifai biyu ne da sifirin a tsakaninsu, aikinsu su shanye bugun da inji ke yi duk lokacin da silinda ta tashi. In sifirin ɗin sun gaji, bugun yana wucewa cikin giyabos, haƙoran da ke juyawa ba kaya a kansu su riƙa karo da juna. Ƙarar a giyabos take fitowa, amma ba shi ne mai laifi ba. Shi ya sa in ka taka kuloci ka raba shi da inji sai ta ɗauke, in ka ƙara totur juyin inji ya daidaita sai ta ragu, in ka kunna na'urar sanyi ta ƙaru. Kafin ya tabbatar ma sai da ya duba fulogi da kwayil, domin injin da silinda ɗaya ke fashi yakan jawo irin wannan ƙara ko da filawil lafiya lau yake.

Abin da ya koya mini a ranar bai ci ko sisi ba, ƙafa da kunne kawai yake buƙata. Ka tsayar da mota a firi, inji na aiki. Idan ƙarar tana zuwa ne sa'ad da ka ɗora ƙafa a kan kuloci, ta tafi in ka ɗauke, to boris ɗin (zoben nan mai ƙwallayen ƙarfe) da ke tura kuloci ne, kayan araha ne, sai dai yana ɓoye a wuri mai tsadar isa. Idan kuwa akasin haka ne, tana nan ƙafarka a ɗage, ta mutu in ka taka, sai ka saurari irinta. Gurnani mai ɗorewa da ke hawa tare da totur yana nuni ga boris ɗin sandar da ke karɓar juyi daga inji. Kacau-kacau da ke gudu in ka ƙara totur, ka tuhumi filawil.

Sauran gwajin a kan titi ake yi, kuma mun yi shi a hanyar Zariya, saboda na gaya masa akwai wani huuu da nake ji in na wuce gudun kilomita 80. A wannan giyabos giya ta biyar ce kai-tsaye, juyi ɗaya na inji juyi ɗaya na farfela, ƙarfin bai bi ta sandar ƙasa ta cikin giyabos da sauran giyoyi ke bi ba. Saboda haka kukan da ke nan a sauran giyoyi ya lafa a ta biyar, daga ciki yake. Kukan da ke wata giya guda tak, haƙoran wannan giyar ne. Nawa bai damu da giya ba sam. Ya sa na taka kuloci a guje, yana nan. Ya sa na saki totur na sake takawa, domin kukan bak-aksul yakan sauya murya tsakanin ja da sakewa, bai sauya ba. Sai da hanya ta yi fili ya ce in ɗan karkata sitiyari hagu, sannan dama. A ɗaya ɓangaren ƙarar ta ƙaru, a ɗayan ta kusa ɓacewa. Boris ɗin tayar baya. Shi ma duk a kan giyabos na ɗora alhakinsa.

Akwai shaida ɗaya da na zubar a ƙasa ban duba ba, wato man da aka juye tun farko. Notin juye mai yana da maganaɗisu a bakinsa. Laushin baƙin gari kamar kwalli ba abin damuwa ba ne. Ɓarɓashin da za ka ji a yatsa, ko gutsuren haƙori, wannan magana ce babba. Ƙyalli mai ruwan zinariya a cikin man kuwa tagullar sinkiro ce take cinyewa a hankali. Ka tara man a farin mazubi ka fita da shi rana. Kuma ka tabbata an kwance notin zubawa kafin na juyewa, kada a wayi gari giyabos ba mai, ƙofar zuba wani ta cije.

Maganar yanke shawara kuma, abin da na gane shi ne kuɗin ba a kayan suke ba, a saukewa da ɗorawa suke, ga haɗarin da ke tattare da kowace buɗewa: noti ya karye, waya ta tsinke, wani abu ya koma ba daidai ba. Na biya wannan aiki sau biyu saboda na ƙi sayen kayan da ba su kai rabin kuɗinsa ba. In dai an sauke giyabos, a duba filawil, a sauya faifan kuloci da murfinsa da boris ɗinsa in sun ja jiki, da ɗan bushin da ke tsakiyar filawil, da robar da ke tare mai a bayan inji. Masu ƙirar 2007 da 2008 su ƙara da silindar kuloci, domin tasu a ciki take, ba a isa gare ta sai an sauke komai. In kuɗin duka ba su taru ba, kuma ƙarar ba ta ƙaruwa, mai ba ya zuba, giya na shiga sumul ba ta fitowa da kanta, ka yi haƙuri ka ci gaba da tuƙi kana saurare. Amma giyar da ke tsalle ta koma firi, ko gurnanin da ke ƙaruwa mako bayan mako, ko gutsuren ƙarfe a mai, waɗannan ba a jira da su, boris guda in ya watse yakan tafi da haƙoran da ke kusa.

Tsohon giyabos ɗina dattijon ya buɗe shi a gabana a kan buhu. Boris duka lafiya, haƙora kamar jiya aka yanka su. Ya zaro zoben giya ta biyu ya miƙo mini, cikinsa ya shafe sumul, zanen da ke kama ƙarfe ya tafi. "Wannan aikin hannunka ne," in ji shi. Zobe ɗaya da man da ya dace, shi ke nan abin da yake nema.

Filawil mai faifai biyu da muka samu a kasuwa duk tsofaffi ne, sabo kuma sai an yi oda da dala. Baba ya ce akwai dunƙulalle, ya fi araha, ba shi da sifirin da zai gaji, amma in sani ƙarar ba za ta tafi ba, wataƙila ma ta fi da, tunda babu abin da zai shanye bugun. Na kwana biyu ina juya maganar, sannan na ce a sa shi. Yanzu in na tsaya a danja, masu babur sukan ƙwanƙwasa gilashi su ce, "Yallaɓai, giyabos ɗinka fa!" Nakan ɗaga musu hannu in taka kuloci har a ba mu hanya.