Ba tsutsar ciki ba ce, alkama ce

Jiya wata maƙwabciyarmu ta shigo da ledar biskit ta miƙa wa autata, yarinyar ta mai da hannu baya ta ce "Anti na gode, ba na ci", matar ta tsaya tana kallona kamar ni ce ban koya mata karɓar kyauta ba. Dole na zaunar da ita na fara bayani tun daga tushe, cewa yarinyar tana da cutar siliyak, ba ta cin duk abin da ke da alkama, kuma wallahi wannan ya kai karo na ɗari da nake maimaita zancen nan a Garwa, shi ya sa na ce bari kawai in rubuta in huta, duk wadda ta tambaye ni sai in tura mata ta WhatsApp.

Abin ya faro ne bayan yaye. Lokacin da take shan nono yarinya ce ɓulɓul, kowa so yake ya ɗauke ta, amma tana fara cin abincin gida, burodi da shayi da safe, makala, wato fanken fulawa, in yayyenta sun sayo, taliya da rana, sai gudawa ta ce salamu alaikum. Ba irin gudawar kwana biyu ba, a'a, kashi ne mai yawa, fari-fari, mai maiƙo, ga wari, ko a fo ba ya wankuwa da sauƙi. Ciki ya yi tulu, ƙafafu kamar sillen kara, ɗuwawu ya motse, ga ƙiwa da kuka ba dalili. Kowa da sunan da ya ba abin. Uwar mijina ta ce haƙori ne, da haƙora suka gama fitowa aka koma shawara, wata gwaggona ma ta ja ni gefe tana tambayata wai ko yarinyar ta sha ciki ne ina ɓoyewa. A lopital kuwa maganin tsutsa mun sha shi har ban san adadi ba, an ce amiba, an ce taifot, ordonans kan ordonans. Ranar da wani ma'aikaci ya dube ni ya ce tamowa ce, ki riƙa ba ta abinci, na fito ina hawaye a kan moto, don gidanmu ba mu da arziki amma tukunya ba ta taɓa kwana ba a ɗora ba, kuma abin haushin ma shawarar da ya ba ni har da biskit da burodi da madara.

Tana da shekara huɗu muka faɗa hannun wata likitar yara, Allah ya saka mata, ita ce ta fara tambayata me yarinyar take ci tun daga safe har dare, tana rubutawa. Ta ce akwai wani gwajin jini da take so a yi, sunansa anti-transglutaminase, sannan ta ja kunnena da wata magana da na ga kamar ba ta da kan gado a lokacin: kada in kuskura in daina ba ta burodi kafin a ɗebi jinin. Ashe in ka janye alkama kafin gwaji, jinin zai iya fitowa kamar lafiya lau, ka koma gidan jiya. Wannan ku riƙe shi da kyau, don na ga mata da yawa suna jin labarina sai su je su hana yaro burodi da kansu, daga baya a rasa gane komai. Rezilta ya fito sama sosai, aka tura mu Yawunde, mota zuwa Ngawundere sannan jirgin ƙasa na dare, aka zura mata siririn tiyo mai kyamara ta baki aka tsinko ɗan naman hanji aka duba. Takarda ta fito da suna, maladie cœliaque, cutar siliyak.

Yadda aka yi min bayani na gane shi ne, cikin ƙaramin hanji akwai wasu 'yan tsirarrakin gashi kamar na sabon tawul, su ne suke tsotse amfanin abinci su kai jini. A cikin alkama kuma akwai wani sinadari, gulutan, shi ne ke sa kwaɓin fanke ya yi danƙo yana jawuwa, akwai shi a sha'ir ma da wani hatsin Turai da Faransawa ke kira seigle. Mai wannan cuta in gulutan ya shiga cikinsa, sojojin jikinsa sai su rikice su far wa hanjinsa, gashin nan ya kwanta ya zama kamar tsohon tawul da ya sha wanki. Shi ke nan a ci a ci ba ya zama a jiki, jini ya yi ƙasa, yaro ya ƙi girma. Ba ƙwaya, ba allura, maganin ɗaya ne tak, a bar gulutan har ƙarshen rayuwa. Yaro ba ya girma ya wuce ta.

Da muka dawo wani ƙanin mijina, ɗan boko ne kuwa, ya yi dariya ya ce wannan ai cutar Nasara ce, mu ina mu ina wannan iyayi. To na je na yi karatu saboda shi. Gaskiya ne a Turai aka gano bakin zaren, wani likitan yara ɗan Holan, Willem Dicke, shi ya lura cewa lokacin yunwar da aka yi a ƙasarsu a 1944 zuwa 1945, da burodi ya ɓace, yaran da ke da wannan ciwo sai suka samu sauƙi, da burodi ya dawo suka koma ruwa, ya rubuta bincikensa a 1950. Amma a duniya gaba ɗaya kusan mutum 1 cikin 100 ne ke da ita, kuma ɗaya daga cikin wuraren da aka fi samunta a nan Afirka ne, cikin yaran Saharawi, mutanen Yammacin Sahara, da ke sansanonin gudun hijira a Tinduf ta Aljeriya, inda binciken da aka buga a 1999 ya samu sama da 5 cikin 100. Mutane ne da fulawar agaji ta zama abincinsu na kullum. Ni dai a ganina kakanninmu dawa da gero suka ci, ko da wani yana ɗauke da cutar a jininsa ba abin da zai tashe ta sosai, mu kuma yanzu yaro bai yi karin kumallo ba in bai riƙe rabin baget ba. Ku tuna 2022 da yaƙin Yukren ya sa burodi ya tashi daga sefa 125 zuwa 150, yadda gari ya ɗauki surutu, ranar na ƙara gane yadda alkamar da ba ma nomawa ta mallake mu.

Maganar abinci kuwa, da farko na ɗauka yunwa za ta kashe min 'ya, da na zauna na lissafa sai na ga ashe mu 'yan arewa mun fi kowa sa'a. Tuwon dawa, har da muskuwari ta rani, tuwon gero, na masara, shinkafar Yagwa, rogo, doya, dankali, wake, gyaɗa, nama, kifin Lagdo, miyar yakuwa, kuka, kuɓewa, tafasa, kunun gyaɗa, fura, duk halal ɗinta ne. Wani abin dariya, takardar da aka ba mu ta Faransanci an rubuta couscous cikin abin da aka hana, na ce innalillahi har tuwo? don mu nan Kamaru kuskus ai tuwo muke nufi. Ashe kuskus ɗin Larabawan Magrib ake nufi, na cikin kwali, wanda da alkama ake yinsa. Kwana biyu na hana yarinya tuwon masara a banza kafin na kira likitar, ta yi ta dariya.

Wahalar tana wurin fulawar da ba a gani. Ɗan wake, mata da yawa suna zuba masa fulawa don ya kama. Masa ma wasu suna ɗan barbaɗawa. Ƙosai shi kansa wake ne zalla, amma in mai suyar a mai ɗaya take jefa makala da ƙosai, to an gama. Kifin da aka turmusa a fulawa kafin suya, miyar biki da aka ɗaure da fulawa, lemon malt da muke ɗauka abin ƙarin jini ne alhali da sha'ir ake yinsa. Sai injin niƙa, wannan shi ya fi ba ni wuya, don wata uku muna kiyaye komai amma cikin bai daina kumburi ba, ashe inda muke kai niƙa ana kawo alkamar alkaki da funkaso, musamman gab da biki ko salla. Yanzu akwai wani dattijo mai inji da muka yi yarjejeniya da shi, hatsina ne na farko da asuba bayan ya share, kuma kwanon farko da ya fito ba nata ba ne, na sauran gida ne. A kicin tana da tukunyarta, muciyarta, rariyarta, na ɗaura musu jan zare. Wata ƙawata ta ce na cika tsanani, to ƙa'idar da duniya ta yarda da ita kafin a rubuta sans gluten, wato babu gulutan, a jikin kaya ita ce kada ya wuce miligiram 20 a kilo guda, ki auna ki gani, ɓurɓushin burodi a kan faranti ya isa.

A butik kuma na zama mai karatun kwali, masu shago har sun san ni. Ina neman blé, farine de blé, orge, wato alkama, fulawarta da sha'ir, sai malt, da ɗan rubutun nan na ƙasa da ke cewa wai yana iya ɗauke da traces de gluten, wato ɓurɓushin gulutan. Dunƙulen miya, cakulan, sosis, garin jarirai, kowanne sai na juya bayansa, in ba rubutu na ajiye. Na koma daddawa da kayan ƙamshi na gida, miyata ma ta fi daɗi in gaya muku gaskiya.

Madara ma ta ba mu ruwa a farkon. Kofi ɗaya na madarar gari sai ciki ya hau ƙugi da iska, na ce shi ke nan an ƙara mana wata. Likita ta ce a'a, abin da ke narkar da sukarin madara a kan gashin hanjin nan yake zaune, tun da ya lalace dole madara ta gagara, in hanji ya warke yakan dawo. Haka kuwa aka yi, bayan kamar shekara ta koma sha. Ni ce ma har yau ɗanyar madara ba ta zama min, amma kindirmon Fulani ina sha lafiya lau saboda tsamin ya riga ya cinye wani ɓangare na sukarin. Nawa wannan rashin jituwa ne kawai, in na sha na sha wahalar yini ɗaya ya wuce, ba ya cin hanji. Nata daban ne, ko ba ta ji komai a ranar ba ɓarnar tana gudana a ciki. Mutane suna haɗa su wuri ɗaya, shi ya sa suke cewa ɗan kaɗan ba ya komai.

Kuma ba cutar yara kaɗai ba ce. An ce mana a gwada 'yan gida don cikin dangi na kusa, iyaye da 'yan'uwa da 'ya'ya, kusan 1 cikin 10 yakan fito da ita. Yayyenta sun fito lafiya, babansu kuwa sai da na yi wata shida ina magiya kafin ya yarda, ya fito da ita. Mutumin da shekara da shekaru ana ce masa olsa, kullum gajiya, kullum jininsa ƙasa, ga ƙuraje masu ƙaiƙayi a gwiwar hannu da ya gama shafa musu duk man da ke farmasi. Shi ya fi 'yar wuyar sha'ani, don teburin mai shayi majalisarsa ce, yanzu yana zuwa da dafaffen dankali a leda abokai suna tsokanarsa wai madam ta sa shi a rejim.

Wadda na fi jin tsoro ita ce Hajiya, uwar mijina, saboda ƙauna ce take sa ta, ba mugunta ba, ba ta iya ganin jika tana kallon yara suna cin cincin. Sau biyu tana ba ta a ɓoye. Na biyun yarinyar ta kwana tana amai a ɗakinta, a kan gadonta, ni ban ce uffan ba, na dai zo na kwashe zanin gado. Tun daga ranar Hajiya ta zama soja, a wajen suna ko biki ita ce ke ƙwace alkaki daga hannun mutane tana cewa "ku bar min jika, ba ta cin alkama", da salla kuma ita da kanta take yi mata dakuwa da alawar madara da masar shinkafa zalla a tandar da ta saya mata daban.

Yanzu shekararta bakwai, tana lakwal, ta kamo tsawon sa'o'inta har ta wuce wasu. Lokacin rekreyasiyo yara suna layin burodi da wake a bakin get, ita tana buɗe ɗan kwanonta. Na je na yi wa metires ɗinsu bayani, ta fahimta. Rannan ta dawo ta ce min Mama, gobe ki ƙara min ƙuli-ƙuli da yawa, na ce ke da ba kya cinye wanda nake sa miki? Ashe sayarwa take yi, ɗaya sefa 25.