Sikelin itace da farashin kabon

Na shafe kusan shekara biyu ina auna itacen girki a wasu ƙauyukan jihar Katsina, a ƙarƙashin wani shiri da ke raba wa mata ingantaccen murhu mai tsimin itace, sannan ya sayar wa kamfanonin ƙetare takardun shaidar rage hayaƙi. Kowace takarda tana matsayin tan guda na iskar kabon mai ɗumama duniya da aka hana tashi sama, kuma kamfanin da ya saya yana cire wannan tan daga lissafin gurɓatar da ya yi a ƙasarsa.

Kafin mu fita an bayyana mana cewa hanyoyin sa wa kabon farashi sun bambanta. Siwidin ta ɗora masa haraji tun 1991, Tarayyar Turai kuma tun 2005 ta ƙayyade wa masana'antu iya hayaƙin da za su fitar, ta bar su suna cinikin izinin a tsakaninsu, har tan ɗaya ya kai Yuro 100 a watan Fabrairun 2023. Tamu kasuwar ta ganin dama ce, babu dokar da ta tilasta wa mai saye, shi ya sa tan ɗinmu bai wuce daloli kaɗan ba.

Aikina shi ne in shiga gida da sallama da safe, in rataya damin itace a sikeli, in rubuta nauyinsa, washegari in dawo in auna abin da ya saura, haka har kwana uku. A kan takarda lissafin ya yi kyau ƙwarai. Sai wata rana na koma wani gida ba tare da na sanar ba, na tarar da murhunmu a jingine a gindin rumbu, ga babbar tukunya a kan duwatsu uku tana tafasa. Da na tambayi dattijuwar gidan, sai ta ce, “Ɗan nan, murhunku na miya ne. Tuwon mutum ashirin idan na sa muciya kifewa zai yi.” Na ce, “Inna, to kwanakin da nake awo fa?” Ta ce ai baƙo ba a ba shi kunya.

Daga ranar na fara lura da abubuwan da fom ɗinmu bai tanadar musu gurbi ba. Idan aka haihu a gida, ruwan wankan jego na kwana arba'in yana cin itace mai yawan gaske, kuma a tsohon murhu ake dafa shi. Da hunturu ana hura wuta don jin ɗumi. Bayan girbi kuwa gidaje da yawa kara suke ƙonawa, alhali ƙa'idar lissafin ta ce itacen da ake sara fiye da yadda daji ke tsirowa ne kaɗai ake ƙirgawa. Duk tan ɗin da muka rubuta bisa kuskure ya ba wani kamfani damar fitar da tan na gaskiya, wannan ne ya hana ni barci, domin mu da ke bakin hamada ne zafin zai fara taɓawa.

Na kai maganar ga shugabannin shirin, aka sha muhawara, domin gyaran yana nufin raguwar kuɗin shiga. A ƙarshe an yarda mu riƙa ziyarar ba-zata, mu auna a damina da hunturu da bazara, a kuma kawo murhu mai faɗin da zai ɗauki tukunyar tuwo. Takardun da muka fitar a shekara ta biyu sun ragu sosai, amma zan iya dafa kowace in rantse.

Ranar da na kai wa dattijuwar nan sabon murhun, ta girgiza shi da hannu biyu don ta ga ƙarfinsa, sannan ta tambaye ni nawa ake sayar da hayaƙin nata, kuma nawa ne rabonta a ciki. Na gaya mata farashin, na kuma gaya mata cewa a yarjejeniyar da ta dangwala wa hannu murhun ne kawai rabonta. Tambayar tata ce na sa a shafin farko na rahoton da na miƙa a ƙarshen wannan wata.