Sai na tona kafin in ɗaura inji

Shekara 17 ke nan ina gyaran famfo a Gadarif, gabashin Sudan, ni da yara uku. Kukan da na fi ji shi ne: "Usta, ruwa ba ƙarfi, zo ka sa mana inji." Ina sayar da injin jan ruwan, amma ba na ɗaura shi sai na tona ƙasa na gani.

Baƙar lakar nan da ke ba mu dawa da riɗi ita ce ke karya mana masura, wato bututun ruwa. Da damina ta sha ruwa ta kumbura, da rani ta bushe ta dare har hannu ya shige. Kowace shekara sai ta ɗaga bututu ta sauke. Ƙarfe kuwa ba ya lanƙwasa, a mahaɗa yake tsagewa. Ruwan da aka turo tun daga Shuwak, bakin kogin Atbara, sai ya tsiyaye a ƙofar gida ba wanda ya sani, laka ta shanye.

Watan jiya wata dattijuwa ta aiko a kira ni, kuɗin inji ƙulle a bakin zanenta. Ta ce, "Ɗana, bokiti ɗaya sai in gama tuƙa tuwo bai cika ba." Na ce, "Inna, ajiye kuɗinki tukuna." Muka tona. Bututun rabin inci ne, tun na zamanin maigidanta. Na yanko guntu na miƙa mata, ta ɗaga shi wajen rana. Tsatsa ta cike cikinsa, ƙofar da ta rage da ƙyar tsinken tsintsiya zai wuce. A gwiwar bututun da ke ƙarƙashin katanga kuma ga tsaga, ƙasar wurin jiƙe sharkaf.

Da na sa mata inji a haka, da na cuce ta. Inji zuƙa yake yi, in akwai tsaga sai ya jawo ruwan taɓo cikin abin da jikokinta za su sha, ya kuma janye ruwan maƙwabta. Wannan yana damuna ƙwarai, balle yanzu da yaƙin 2023 ya cika gidajenmu da 'yan'uwa daga Madani da Khartum, famfo ɗaya baki ashirin.

Baƙin bututun roba muka sa mata. Muka zurfafa ramin, muka shimfiɗa yashi ƙasa da sama, ba mu ja shi tsam ba, don in laka ta motsa ya bi ta. Bayan la'asar ta buɗe famfo, ta sa jikarta ta kawo babbar randa.